Daga Direba Zuwa Darakta: Yadda Ingilishi Ke Rubuta Ƙarshen Sunayen Masu Aiki

Harshen Ingilishi yana da hanyoyi da dama na gina sunan mutumin da ke yin wani aiki, kuma yawancin wahalar da ke cikinsu a rubutu take. Mai koyarwa teacher ne, ƙarshensa e-r. Mai duba marasa lafiya doctor ne, ƙarshensa o-r. Ma'ajin makaranta bursar ne, ƙarshensa a-r. In mutumin Landan ya faɗi waɗannan kalmomi uku, sauti ɗaya ne ke fita a gaɓar ƙarshe: wani ɗan wasali mai rauni wanda bai kai a ba, bai kai o ba, kuma ba a jin harafin r ko kaɗan. Ba'amurke yakan furta r ɗin, amma shi ma wasalin bai bambanta a bakinsa ba. Kunne ke nan ba ya gaya wa mai rubutu harafin da zai sa.

Ba sai an je nesa ba kafin a ga haka. A sakatariyar gwamnatin jihar Kebbi da ke Gwadangaji, sunayen muƙaman da ke jikin ƙofofi da kan takardu sun isa darasi guda. Ga commissioner da e-r, ga director da o-r. Ga auditor da surveyor, ga kuma messenger da driver. Cashier ya ƙare da i-e-r, engineer da e-e-r, accountant da a-n-t, superintendent kuma da e-n-t. A Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, shugaba rector ne, magatakarda registrar, ma'aji bursar, mai kula da ɗakin karatu librarian, malamin aji kuwa lecturer. Duk matashin da zai rubuta takardar neman aiki zuwa ɗaya daga cikin waɗannan ofisoshi, da sunan muƙamin zai fara, kuma nan ne idon mai karantawa ke fara sauka.

Hausa da kanta ta ba da shaidar cewa sautin ɗaya ne. Sa'ad da Hausawa suka ari waɗannan kalmomi daga bakin Turawa da ma'aikatansu, abin da suka ji suka ɗauka. Driver ya zama direba, messenger ya zama masinja, labourer ya zama lebura, carpenter ya zama kafinta, manager ya zama manaja. Duk waɗannan e-r ne a asali. To amma governor ma gwamna ya zama, director darakta, tailor tela, senator sanata, professor farfesa, editor edita, conductor kwandasta, councillor kansila, alhali dukansu da o-r ake rubuta su. Lawyer ya koma lauya, soldier soja, engineer injiniya. Kunnen Bahaushe bai yi kuskure ba, daidai ya ji. 'Yan kalmomi ne suka fito da o, irin su sufeto da safiyo da fasto, kuma wannan ya dace da yadda 'yan Najeriya da yawa ke furta o-r, suna bin harafin da suka gani a takarda.

Yana da kyau a duba yadda Hausa ke yin wannan aiki, don a gane inda matsalar take. Hausa takan sa ma a goshin kalma, ta rufe da i: noma manomi, saƙa masaƙi, ƙira maƙeri, jima majemi, rini marini, rubutu marubuci. Jam'i ya koma a, manoma da masaƙa da maƙera. Mace kuma marubuciya ce ko mawaƙiya. Ita ma Hausa tana da nata bauɗaɗɗun. Mai su masunci ne, mai kiwo makiyayi, mai fawa mahauci, mai aski wanzami, mai dukanci baduku, kuma a ƙasar Kabi masu sana'ar ruwa ta gado Sarkawa ake ce musu. Sai dai duk bauɗiyar Hausa kunne yana jin ta, kuma rubutun boko, wanda aka daidaita ƙa'idojinsa a ƙarni na 20, furuci yake bi. Yaron da ya tashi da wannan tarbiyya ta rubuta abin da ka ji, in ya zo ga Ingilishi ya rubuta docter ko governer, ba daƙiƙanci ya yi ba. Ƙa'idar da ta fisshe shi a harshensa ya bi, ita kuwa ba ta aiki a nan.

Dalilin yana cikin tarihi. Ƙarshen kalma a Ingilishi kamar tsagar gado yake a fuskar Bakabe: yana nuna gidan da aka fito. E-r ita ce 'yar gida. Tun a tsohon Ingilishi, fiye da shekaru dubu da suka wuce, ana liƙa ta a aikatau a sami mai aikin: bake baker, write writer, teach teacher, drive driver. Har yau ita ce mai rai, ita ake ɗauka in sabuwar sana'a ta ɓullo, shi ya sa ake da blogger da programmer. In mai rubutu ya rasa madafa gaba ɗaya, e-r ce ta fi yawa nesa ba kusa ba.

O-r baƙuwa ce daga Latin, kuma ta ƙofa biyu ta shigo. Ta farko ita ce Faransanci. A shekarar 1066 Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu da manyan gidaje har kusan shekaru ɗari uku. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa shari'a da Ingilishi, kuma duk da haka lauyoyi sun daɗe suna rubutu da nasu Faransancin. A wannan zamani ne kalmomin mulki da shari'a da sana'o'in birni suka kwararo, yawancinsu da o-u-r a ƙarshe. Ƙofa ta biyu ita ce ta malamai, waɗanda daga ƙarni na 15 zuwa na 17 suka riƙa ɗebo kalmomi kai tsaye daga littattafan Latin, suna kuma gyara rubutun tsofaffin don su yi kama da asalinsu. Su ne suka cusa b a cikin debtor, harafin da ba a furtawa, don kawai kalmar Latin ta bashi tana da shi. Injin ɗab'i ya iso Ingila a 1476 ta hannun William Caxton, rubutu ya soma daskarewa, furuci kuwa ya ci gaba da tafiyarsa. Ingilishi bai taɓa samun hukuma mai yanke hukunci kan rubutu ba irin wadda Faransa ta kafa a 1635. Masu ƙamus da masu ɗab'i ne suka yi ta zaɓe. Ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 ya rubuta governor da emperor da o-u-r; daga baya u ta faɗi, ta saura a saviour da wasu kalmomi irin su neighbour. A Amurka, Noah Webster da ƙamus ɗinsa na 1828 ya taimaka wajen kore ta har daga waɗannan.

Duk da wannan cakuɗa, akwai alamun da ke nuna inda o-r take, kuma sun cancanci a koya wa ɗalibi su tun daga ƙaramar sakandare. Mafi amfani ita ce neman 'yar'uwar kalma mai ƙarewa da i-o-n. A Latin, ɗafa-ƙeyar mai aiki da ta sunan aikin kan saiwa ɗaya suke hawa. Saboda haka in an cire i-o-n aka sa o-r, sau da yawa an dace. Direction ta ba da director, inspection inspector, collection collector, instruction instructor. Edition ta ba da editor, profession professor, invention inventor, supervision supervisor, distribution distributor. Aikatau masu gaɓa da yawa da ke ƙarewa da a-t-e kusan dukansu nan suka faɗa: translate translator, operate operator, legislate legislator, invigilate invigilator, administrate administrator. Tun da aka ƙirƙiro jihar Kebbi ran 27 ga Agusta 1991, wanda ke kan kujerar mulki, kantoman soja ne ko zaɓaɓɓen gwamna, administrator ko governor, da o-r ake rubuta muƙaminsa.

Wannan gwaji yana da wani lungu da ke kayar da ɗalibai masu ƙoƙari. Examination ta ƙare da i-o-n, amma mai jarrabawa examiner ne da e-r. Abin da ya faru shi ne aikatau ɗin examine ne, ba ya da a-t-e, don haka ɗafa-ƙeyar gida aka liƙa masa. Haka observation da observer, organisation da organiser, information da informer, importation da importer. Ke nan sai an duba aikatau tukuna: in a-t ɗin da ke cikin sunan aiki ba ya cikin aikatau, e-r ce. Bayan wannan akwai 'yan tawaye na gaskiya waɗanda sai hadda, kamar promoter duk da promotion, da deserter duk da desertion, da debater, wanda kowane ɗalibin da ya taɓa shiga gasar muhawara ya kamata ya sani.

Noman shinkafa a kwarin Rima ya kawo waɗannan kalmomi har gona. Shirin ba manoma rance da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a jihar Kebbi a watan Nuwamba 2015 yana ɗauke da borrower a cikin sunansa, kuma takardun harkar cike suke da farmer da miller da supplier da dealer, duk da e-r, gefe guda kuma processor da distributor da aggregator da guarantor, duk da o-r. Na'urori ma tsarin mutane suke bi. Tarakta da janareta da mota da lagireto sun fito daga tractor da generator da motor da radiator, masu o-r. Kwamfuta da firinta da caja da tirela da tanka kuwa daga masu e-r. A Hausa ba a bambance su, a takardar kwangila dole a bambance.

Akwai rukuni na biyu na masu o-r da gwajin i-o-n ba ya kamawa, kuma su ne suka fi cin mutane, domin in an cire ƙarshensu aikatau sananne ne ke saura. Govern ta ba da governor, survey surveyor, conquer conqueror, survive survivor, counsel counsellor, visit visitor. Waɗannan ta Faransancin fada da kotu suka shigo da rigarsu. Tailor asalinsa mai yanka ƙyalle ne a Faransanci. Sailor kuwa kalmar gida ce, da e-r aka fara rubuta ta, daga baya aka mayar da ita o-r don matuƙin jirgin ruwa, aka bar mai e-r ga jirgin kansa. Harshen lauyoyi ya riƙe o-r a inda take da kishiya mai e-e: lessor mai ba da haya da lessee mai karɓa, donor da donee, mortgagor da mortgagee. A wasu daga cikin waɗannan, irin su lessor da guarantor, ana danna murya a gaɓar ƙarshe, o ɗin ta fito sarai, kunne ya taimaka.

Sai kalmomin da ba su da aikatau a ƙarƙashinsu sam. Doctor, author, senator, pastor, rector, mayor, ambassador, proprietor, chancellor: a dunƙule suka zo. Doctor a Latin malami yake nufi, daga aikatau na koyarwa, shi ya sa har yau mai babban digiri na uku dakta ne ko bai taɓa riƙe allura ba. Wani zai so ya ce duk kalmar da ba ta da aikatau o-r ce, amma carpenter da barber da butcher da minister sun hana. Messenger da passenger ma suna da nasu ƙarin: message da passage ba su da n, a bakin mutanen Ingila ne n ta kutso tun ƙarnonin tsakiya, ta zauna. Plumber yana da b da ba a furtawa domin daga sunan darma yake a Latin, ƙarfen da ake bututun ruwa da shi a da.

Kalma ɗaya ta ƙi zaɓar gida, wato adviser. Ana rubuta ta da e-r, ana rubuta ta da o-r, ƙamus ya karɓi duka biyun. Takardun gwamnati a Najeriya sun fi amfani da e-r, kamar yadda ake gani a muƙamin mai ba gwamna shawara na musamman da na mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Abin da ake nema shi ne mai rubutu ya tsaya kan ɗaya daga farkon takarda har ƙarshenta.

Masu a-r kaɗan ne, za a iya haddace su a zama ɗaya: beggar, liar, burglar, pedlar, scholar, bursar, registrar, vicar. Scholar da bursar da registrar daga Latin na majami'u da jami'o'i suke. Bursar daga kalmar jakar kuɗi ya fito. Liar kalmar gida ce da ta canza riga, kuma ɗalibai sukan rikita ta da lawyer a furuci, ko su rubuta ta l-i-e-r. Registrar ya fita daban domin a-r ɗinsa ana jin ta, kuma wajibi ne a raba shi da register: mai e-r littafin rajista ne, mai a-r shi ne mutumin da ke riƙe da littafin. Akwai abin lura game da burglar da pedlar da editor. Sunan mutumin ne ya riga aikatau zuwa. Masu magana ne suka ɗauka cewa tunda akwai burglar dole akwai burgle, suka ƙago ta a ƙarni na 19, kamar yadda aka ciro edit daga editor tun kafin nan. Wannan ya sa ba a iya gano rubutunsu daga aikatau.

Faransanci bai daina ba Ingilishi aro ba bayan zamanin mutanen Nomandi, kuma abin da ya shigo a baya-bayan nan ya riƙe kamanninsa. Chauffeur, entrepreneur, amateur, saboteur, duk e-u-r. Mutumin Kamba ko Dole Kaina da ke tsallakawa Gaya ko Doso ya saba ganin wannan ƙarshe a allunan Nijar, inda darakta da farfesa da tela duk e-u-r suke ɗauka. O-r ta Ingilishi da e-u-r ta Faransanci kakansu ɗaya. Entrepreneur ta zama kalmar yau da kullum tun da aka shigar da darasin koyon sana'a a manyan makarantu, kuma tana cikin waɗanda aka fi ɓatawa a rubutu. I-e-r da e-e-r ma daga can suke: cashier da brigadier da financier a gefe ɗaya, engineer da auctioneer da volunteer a ɗaya gefen, sauti kusan ɗaya, rubutu biyu. Lawyer da sawyer sun ɗauki y bayan w.

Ko inda aka tabbata e-r ce, da sauran aiki a wurin haɗi. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake lissafin farkonsa daga 1934, ya isa misali, domin duk mai rubuta rahotonsa da Ingilishi zai gamu da su. Mai iyo swimmer ne da m biyu, makaɗi drummer da m biyu, wanda ya yi nasara winner da n biyu. Ƙa'idar ita ce in aikatau gaɓa ɗaya ne, ya ƙare da wasali ɗaya da baƙi ɗaya, sai a ninka baƙin. Mai nutso kuwa diver ne da v ɗaya, ɗan kokawa wrestler, domin dive da wrestle sun riga sun ƙare da e, r kawai ake ƙarawa. Ɗan dambe boxer ne, x ba ta ninkuwa. Nan ne asalin kuskuren da ake yawan gani a takardun ɗalibai, wato rubuta writer da t biyu. Written ce ke da t biyu. Writer da writing ɗaya suke da ita. Beginner ya ninka n saboda murya a gaɓar ƙarshe ta begin take dannuwa. Y takan koma i bayan baƙi, carry carrier, supply supplier, amma ta tsaya bayan wasali, buyer, player, employer. Su kuwa dubban masuntan da ke faɗawa kogin Matan Fada da homa da gora, fishermen ne, tilonsu fisherman, tsarin chairman da watchman da foreman, inda jam'i ke mayar da a zuwa e.

Harafin l yana da nasa hukunci, kuma nan Ingila da Amurka suka rabu. Ingila tana ninka shi, traveller, jeweller, counsellor, councillor. Amurka tana barin ɗaya. Makarantun Najeriya tsarin Ingila suka gada, amma kwamfutoci da wayoyi da yawa da tsarin Amurka suke zuwa, sai su ja jan layi ƙarƙashin abin da yake daidai. Councillor da counsellor kuma mutum biyu ne. Na farko, mai c-i-l, kansila ne da ke wakiltar mazaɓa a ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 21 na jihar Kebbi. Na biyu, mai s-e-l, mai ba da shawara ne, irin malamin da ke jagorantar ɗalibai wajen zaɓen darussa.

A-n-t da e-n-t su ma sauti ɗaya ne da rubutu biyu, kuma labarinsu ya yi kama da na baya. Latin yana da rukunonin aikatau, wani yana ba da a, wani yana ba da e. Faransanci ya haɗe su duka ya mayar a-n-t. Ingilishi ya ɗebo wasu daga nan, wasu daga can, har saiwa ɗaya takan fito da fuska biyu: attendant da a, superintendent da e. A kotu, defendant da a ne, respondent da e. Razdan, wanda a zamanin Turawa ke zaune a Sakkwato yana duba lardin da ya haɗa da Gwandu da Argungu, resident ne da e, kamar president da student da correspondent. Akanta da sajan kuwa da a suke, accountant da sergeant. Alama biyu na taimakawa. In akwai 'yar'uwa mai a-t-i-o-n, a-n-t ce: application applicant, consultation consultant, participation participant, immigration immigrant. In kuma g ko c mai laushi ce kafin ƙarshen, kamar a agent, e-n-t ce. Sergeant ya tsira da laushinsa ne ta hanyar sa e kafin a. A tsarin Ingila, dependant da a shi ne mutumin da ke ƙarƙashin kulawar wani, kamar yadda ake cikewa a takardun fansho da inshorar lafiya, dependent da e kuma sifa ce.

I-s-t, wadda asalinta Girkanci ne, ba ta da rikici sosai: journalist, typist, chemist, pharmacist, dentist. Scientist ma ƙirƙirarriya ce, William Whewell na Kambirij ya ƙago ta a shekarun 1830. I-a-n ce ke buƙatar kulawa, domin a politician da electrician da technician da musician, sautin ƙarshe daidai yake da na nation ko mission. A nan ƙa'idar tana da sauƙi kuma ba ta cika saɓawa ba: in mutum ake nufi, c-i-a-n ce, kuma c ɗin daga politics da electric da music ta taso. Physician likita ne, physicist masanin kimiyyar fiziks.

Akwai kuma inda Ingilishi bai sa komai ba. Mai dafa abinci cook ne, Hausa ta ɗauke shi daidai ta ce kuku; cooker murhu ne ko tukunyar lantarki. Typewriter tafireta ce, mai bugawa typist. Judge, guide, nurse, pilot, mechanic, duk haka suke tsaye ba ƙari. Ɓarawo ma thief ne.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ga ɗalibin Kwalejin Nagari a Birnin Kebbi ko Kwalejin Kanta a Argungu. A jarrabawar WAEC, insha'in Ingilishi yana da maki 50, kuma 10 daga ciki na tsabtar rubutu ne, wato nahawu da alamomin rubutu da haruffa, inda kowane kuskure ke cin rabin maki. Kuskure ashirin sun share goman nan kakaf, kuma ba a shiga jami'a sai da kiredit a Ingilishi. Wasiƙa zuwa ga gwamna ko kwamishina ko editan jarida tana cikin tambayoyin da aka saba yi, ga shi sunan muƙamin a layin farko yake. Akwai kuma takardar furuci, wadda ke neman ɗalibi ya san cewa ƙarshen teacher da doctor da beggar sauti ɗaya ne. Malamin da ke cewa dokto a lokacin shifta don yara su tuna da o bai yi laifi ba, muddin ya gaya musu cewa dabarar tuna rubutu ce, furucin da jarrabawa ke nema daban ne.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce a koyar da kalmomin nan gida-gida maimakon a zuba su cikin jeri ɗaya a ce a haddace. Director ya zo tare da direction, applicant tare da application, politician tare da politics, 'yan a-r takwas a kan allo ɗaya, governor da surveyor da tailor da visitor a wani. Ya kamata wannan ya fara daga inda ake horar da malaman kansu, kamar Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu. Masu buga takardu a shagunan kwamfuta su mayar da na'urorinsu kan Ingilishin Ingila, masu rubuta allunan shaguna da ofisoshi kuma su duba ƙamus kafin su ɗauki buroshi, domin yaro yakan karanta allon tela da na kafinta a hanyar makaranta kullum, kuma abin da ya gani a nan shi zai rubuta ranar jarrabawa.